Kullum ni ake fara kwantarwa a Free Fire, abokaina sun daina ɗaukata

Assalamu alaikum yayyena. Ni ɗalibi ne a lise, ina zaune a Bukoki nan Yamai. Wata uku ke nan da na fara buga Free Fire saboda duk ƴan fadarmu shi suke yi. Da farko nakan kashe mutum biyar ko shida a wasa ɗaya, har na ɗauka na iya. Yanzu kuwa ina sauka ake kwantar da ni, wani lokaci ko wanda ya harbe ni ba na gani. Abokaina sun sa mini suna Bot, kuma in za su buga na ranki sai su ce ekif ta cika. Wayata Tecno ce mai RAM 3, da forfe nake bugawa. Na tara jika 15. Wani ya ce in sayi dayamon, kuɗin cikin wasan, in samu bindigogi masu kyau, wani ya ce akwai fayil da ake sa wa waya harsashi ya riƙa zuwa kai da kansa. Wanne zan yi? Wallahi abin yana ci mini rai.

Ƙanenku a Bukoki

Wa alaikumus salam ƙanenmu. Jika 15 ɗin nan ka mayar da su inda ka ɓoye su tukuna. A cikin shawarwarin biyu babu wadda za ta hana a kwantar da kai, ta biyun ma kont ɗinka za ta cinye.

Mu fara da abin da ya ɗaure maka kai, yadda ka iya da farko sannan iyawar ta gudu. Babu inda ta je. Free Fire da PUBG Mobile duka suna cusa wa sabon shiga ƴan wasan na'ura, waɗanda ake kira bot, a karawarsa ta farko, irin waɗanda ke tafiya a fili, su harba sau biyu su tsaya suna kallonka. Su ne biyar da shidan da kake kashewa. Da matakinka ya ɗan hau sai aka rage su, aka bar ka da mutane. Ƙari a kan haka, in ka shiga ekif ɗin abokanka da suka kai manyan matakan ranki irin Diamond ko Heroic, wasan zai haɗa ku da masu ƙarfi irin nasu, kai kuma da watanninka uku ka zama abincin kowa. Kamfanin Garena ya fito da wasan nan tun 2017. Cikin mutum 50 da ke sauka tare da kai a taswirar Bermuda akwai wanda ya shekara biyar yana jan maɓalli ɗaya.

Abin da kake bukata yanzu shi ne ka san me ke kashe ka, don a wasiƙarka mutuwa iri-iri ka haɗa wuri ɗaya, kuma kowace da nata magani. Samu ƙaramin kaye da bik ka ajiye kusa. Duk sanda aka kashe ka, kafin ka danna sake shiga, rubuta layi ɗaya. Hoto ne ya tsaya? Kun ga juna ya riga ka? Ba ka gan shi ba sam? A fili kake tsaye babu abin fakewa? Zon, da'irar nan da ke matse filin wasa, ce ta ci ka, ko kai kaɗai ka afka wa mutum uku? In layi ya kai 20 ka ƙirga. Yawancin sabbin shiga sun yi imani saiti ne matsalarsu, sai kaye ya nuna musu rabin mutuwarsu tun kafin a harba harsashin farko aka gama ta.

Waya da rezo za mu fara taɓawa, don in su ne ke cin amanarka duk wani atisaye ɓata lokaci ne. RAM 3 ta isa Free Fire na asali, amma tana shan wuya da Free Fire MAX, wanda aka fitar a 2021 don wayoyi masu ƙarfi. In shi ka sa, cire shi ka koma na asalin. Kont ɗaya ne, kuma da mutane ɗaya za ka kara. Shiga saitin hoto ka mayar da shi mafi ƙasa, ka kashe inuwa in zaɓin yana nan, sannan ka kunna zaɓin FPS, wato yawan hoto a daƙiƙa, mai yawa in wayar ta yarda. Wayar da ke nuna hoto 30 a daƙiƙa tana sabunta abin da kake gani duk milisakan 33, mai nuna 60 kuwa duk milisakan 17. Ciyawa mai kyau da hasken rana a kan ruwa ba su taɓa ceton kowa ba. Kafin ka buɗe wasan ka rufe TikTok, Facebook da duk abin da ke aiki a bayan fage, ka bar wa ma'ajiyar wayar sarari ko da jiga 3 ne, kuma ka kashe tsarin tattalin baturi, don aikinsa ke nan ya rage wa wayar ƙarfi.

Sai zafi, wanda masu bidiyon koyarwa na ƙasashen waje ba sa kawo shi a lissafi don ba su san Yamai a watan Afrilu da Mayu ba, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudun injinta don kada ta lalace. Shi ya sa wasan farko yake tafiya sumul, na uku kuma hoto ya fara tsalle daidai lokacin da mutane suka taru ana ruwan wuta. Cire mata riga in za ka buga. Kada ka buga tana jone da caja, don zafin caji da zafin wasa ne za su haɗu, baturin ma ya kumbura kafin lokacinsa. Mun san dalilin da ya sa ake yi, an kawo wuta kuma ba a san yaushe za a ɗauke ba, amma gara ka cika ta, ka cire, ka bar ta ta huce minti biyar. Rage hasken fuskar zuwa rabi in kana cikin ɗaki. In bayanta ya yi zafin da ba ka son taɓawa, ajiye ta gaban fanka. Firiji kuwa a'a, raɓa ce za ta taru a cikinta.

Yanzu ping, lambar nan da ke gefen fuska. Ita ce lokacin da saƙon wayarka ke ɗauka ya je babbar kwamfutar wasan ya dawo, a lissafin milisakan. Kwamfutocin nan ba a Nijar suke ba, ƙasarmu kuma ba ta da gaɓar teku, don haka sai saƙon ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya hau wayoyin da ke ƙarƙashin teku. Ping 20 da kake gani a bidiyon ƴan Indiya ko Burazil ka cire shi daga ranka. Abin da za ka nema shi ne lambar da ke zaune wuri ɗaya. Ping 130 da ba ya motsi ya fi wanda ke lilo daga 80 zuwa 400, don hannu yana sabawa da jinkirin da bai canzawa, amma ba ya sabawa da tsalle. Gwajin ba wuya: zauna inda ka saba zama, ka buga wasa ɗaya da kowane layin da kake da shi, Airtel ne, Moov ne ko Zamani, da rana sau ɗaya, bayan isha'i sau ɗaya, ka rubuta lambobin. Layin da ya fi a Bukoki ba lallai ya fi a Talaje ko Yantala ba, wani lokaci ma tsakanin ɗaki da tsakar gida akwai bambanci, musamman ɗaki mai rufin kwano. Daga ƙarfe 8 zuwa 11 na dare kowa na kan intanet, a nan rezo ya fi cushewa. Ka tabbata wayar tana kan 4G ba ta faɗa 3G ba. Hana Play Store sabunta manhajoji da kansa, hana WhatsApp sauke bidiyon guruf, kuma kada ka raba wa kowa konekshon kana tsakiyar wasa. Wi-Fi na fada da mutum takwas ke kallon bidiyo a kai ya fi forfenka muni, ko da sandunan sun cika. Shi wasan ba ya shan mega da yawa, sabuntawarsa ce ke shanye forfe, ita ce za ka kai wa Wi-Fi. Manhajojin da ke cewa suna rage ping, da VPN, galibi ƙarin zango suke sa wa saƙonka.

Ping mai yawa yana canza yadda ya kamata ka yi faɗa. In naka 150 ne na abokin karawa 50, duk abin da kake gani ya riga ya tsufa da kusan kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa in an gwada da nasa. Wannan ne dalilin da za ka ga ka shige bayan bango amma ka faɗi: a wajen kwamfutar wasan ba ka kai bangon ba tukuna. Saboda haka ka riƙa fakewa tun jininka na da saura, kada ka jira ya kusa ƙarewa. Kuma kada ka tsaya cak kana jiran wani ya leƙo, don mai leƙowa yana ganin na tsaye kafin na tsaye ya gan shi. In lambar ta haura 250 ko ta nuna 999, ranar ba ta ranki ba ce.

Ka sayi ekutar mai waya, ko ta jika ɗaya ce. Mai Bluetooth tana kawo sauti a makare. Da ekutar za ka ji takun mutum a bene ko bayan gida, ka san hagu yake ko dama. Layukan “ban gan shi ba” da ke cikin kayenka, da yawansu ita za ta goge.

To, sai hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafar saitin wani. Mutum ya ga gwani a YouTube ya nuna lambobinsa, ya kwafe, gobe ya ga wani ya sake kwafewa. Wayar gwanin ba taka ba ce, girman fuskarta daban, yadda take jin yatsa daban, babban yatsansa ma daban. Shiga filin atisaye ka gyara naka da kanka. Ɗora babban yatsan dama a tsakiyar ɓangaren dama na fuska ka ja shi zuwa gefe sau ɗaya, ja na hankali kwance. Ya kamata ɗan wasanka ya juya ya kalli bayansa. In bai kai ba ƙara saurin juyawa na gaba ɗaya da 5, in ya zarce rage 5. Daga nan zaɓi gumaka biyu masu ɗan tazara ka riƙa kai saiti daga wannan zuwa wancan. Kana wuce su, saurin ya yi yawa. Kana tsayawa kafin ka kai, ya yi kaɗan. Na madubi mai jan ɗigo (red dot) ka sa shi ƙasa da na gaba ɗaya kaɗan, na madubin 2x ƙasa da shi, na 4x ƙasa kuma, don duk yadda madubi ya jawo abu kusa haka ƙaramin motsi ke zama babba. In ka samu wanda ya zauna maka, kada ka sake taɓa shi har mako biyu ko da an yi maka kisan wulaƙanci. Hannu ba ya haddace abin da ake canza masa kullum.

Maɓallin harbi ma yana da nasa zance. A Free Fire saiti, wato alamar auna harbi da ke tsakiyar fuska, yana manne wa ƙirjin abokin gaba da kansa in ya kusance shi, alamar ta koma ja. Wannan taimako ne, amma shi ne kuma ke riƙe harsashinka a jiki, inda rigar sulke ke shanye wani kaso na ɓarnar. Masu kashe ka cikin ƙiftawar ido suna danna maɓallin harbi ne su ja shi sama a lokaci guda, saitin ya ɓalle daga ƙirji ya hau kai. Lambar da ke tashi ja ita ce shaidar ka samu kai. Don jan ya yiwu sai maɓallin yana da fili a samansa, saboda haka ka sauko da shi ƙasa-ƙasa a dama, girmansa wajen kashi 50, ka kawar da duk maɓallin da yatsa zai ci karo da shi a hanya. Tsawon jan ya danganta da nisa. Wanda ke dab da kai, ja mai sauri kuma mai ɗan tsawo, don kansa ya yi sama sosai a fuskar wayarka. Na tsaka-tsaki, ja mai laushi. Na nesa kuwa ɗan motsi kaɗan ya isa, don tsakanin ƙirjinsa da kansa bai fi ƙwayar gero ba a fuskar. In harsashi na wucewa ta saman kai, ka ja da yawa ko ka fara ja kafin alamar ta yi ja. In duk lambobin na jiki ne, jan ya yi sanyi ko ka makara. In mutumin yana gudu gefe, jan ma ya karkata ya bi shi, sama da gefe tare.

Akwai ɗabi'a guda da za ta rage maka rabin wannan wahala: daina kallon ƙasa. Sabon shiga yana tafiya saitinsa na kan turɓaya don idonsa na neman kaya, in mutum ya ɓullo sai ya ɗago, ya nemo shi, sannan ya harba, aiki uku. Gwani yana tafiya saitinsa a tsayin wuyan mutum, a kan ƙofar ko kusurwar da ake iya fitowa, aikinsa ɗaya. Sannan kada ka danne maɓalli har harsashi ya ƙare in mutum na nesa. Harsasan farko su ne masu tafiya daidai, sauran watsewa suke yi. Saki huɗu zuwa shida, ɗaga yatsa, sake saki. Harbi kana gudu ko kana tsalle yana ƙara watsewar. (In wata rana ka koma PUBG Mobile, can jan ƙasa ake yi don danne bindigar da ke ɗagawa, kada ka kai masa hannun Free Fire.)

Bindiga biyu ka riƙe ka san su ciki da waje: ta kusa, UMP ko MP40, da ta tsaka-tsaki, SCAR ko M4A1. M1887 da ka ga ana burgewa da ita harsashi biyu take ɗauka, in ka kuskure su da ping irin namu ka gama yawo. AK tana da ƙarfi amma tana ɗagawa. AWM, ta harbin nesa, ka bar wa wanda ya iya. Yatsu biyu sun ishe ka a yanzu. In hannu ya zauna, bayan wata ɗaya ko biyu, ka ɗauke maɓalli ɗaya, na bangon gulu (katangar da kake dasawa nan take ta kare ka) ko na tsuguno, ka kai shi saman fuska a hagu don manuniya ta riƙa danna shi. Mako guda za ka yi kana ganin kamar ka koma baya, haka yake ga kowa. Gumi kuma yana sa yatsa ya riƙa cijewa a gilashi, safar yatsa da masu kayan waya ke sayarwa tana maganin wannan, kuma gilashin kariya da ya tsage a daidai wurin ja a canza shi.

Bangon gulu shi ne abin da ya raba Free Fire da sauran, kuma shi ne abin da sabon shiga ke mutuwa da shi uku a jaka bai dasa ko ɗaya ba. Ƙa'idar ita ce, harsashi ya taɓa ka ba ka san daga ina ba, bango tukuna, neman mai harbi daga baya. Danna gulu, ja kallo ƙasa zuwa gaban ƙafarka, dasa. In ka dasa kana kallon nesa, can nesa zai tsaya ya bar ka a fili. Ka maimaita wannan a filin atisaye har ya zama ba ka tunani. A bayansa ake shan magani, a bayansa ake cika harsashi, a bayansa ake tayar da abokin da ya faɗi. Amma yana fashewa, kuma gurneti na zagayo shi, don haka wurin numfasawa ne na ƴan daƙiƙu. In za ka leƙa, kada ka fito ta gefen da aka gan ka ka shiga.

Inda za ka yi atisayen ma yana da muhimmanci. Babban fili na mutum 50 ba wurin koyon faɗa ba ne, kamar mai koyon moto ne ya ce a cunkoson Katako zai fara. Za ka yi minti takwas kana tsintar kaya, faɗa ɗaya na daƙiƙa biyar ya zo, a kashe ka, ba ka koyi komai ba. Clash Squad huɗu da huɗu ne, wanda ya fara cin zagaye huɗu ya yi nasara, ke nan a wasa ɗaya za ka yi faɗa sau huɗu zuwa bakwai. Lone Wolf ma haka, kai da mutum ɗaya ko biyu da biyu. Tsarin da muke ba ka na wata guda: minti 15 a filin atisaye, biyar na kai saiti daga gunki zuwa gunki, biyar na ja zuwa kai a nisa uku, biyar na dasa bango. Sannan Clash Squad wanda ba na ranki ba sau uku ko huɗu. Babban fili sau ɗaya ko biyu a ƙarshe. A shagon Clash Squad kada ka zuba kuɗinka duka a bindiga mai tsada ka fita ba riga ba gulu.

In ka shiga babban filin, dubi layin jirgi kafin ka yi tsalle. A Bermuda, Peak, Clock Tower da Factory wuraren ƴan ji-da-kai ne, ka bar musu. Zaɓi gidaje ƴan kaɗan da ke gefe da layin jirgin, kana saukowa kana juya kallo ka ƙirga lema nawa suka nufi wurinka. Bindigar farko da ka gani ɗauke ta, ko wace iri ce. Riga, hula, bindiga biyu, magani, gulu: in waɗannan sun samu cikin minti biyu, tsintar ta isa. Akwatin wanda ka kashe kada ka tsaya kansa kana zaɓe, don ƙarar faɗanku ta riga ta kira na uku, kuma harbi yana fitowa da jar alama a ƙaramar taswira. Ita taswirar ka riƙa kai mata ido duk ƴan daƙiƙu. Tashi zuwa zon tun da sauran lokaci, ka bi gefenta, don wanda ke gefe bayansa a rufe yake, na tsakiya kuwa ta ko'ina ana iya zuwar masa. Kafin ka bar inda kake fake ka riga ka zaɓi dutse ko itace ko gida na gaba. Kamarar wasan tana bayanka, ke nan kana iya tsayawa jikin bango ka juya kallo ka ga abin da ke bayan kusurwa ba tare da ka fito da jikinka ba. Kuma ba duk wanda ka hango ne za ka harba ba. Mutumin da ke nesa yana gudu, in ka harbe shi ba za ka kashe shi ba, ka dai gaya wa kowa inda kake.

Maganar abokanka kuwa, ba za mu ce sun kyauta da sunan da suka sa maka ba, amma ka fahimci tsoronsu. A ranki, mutuwar wuri tana zubar da maki, ekif mai mutum uku kuma tana shan wuya gaban mai huɗu. Kada ka roƙi a saka ka. Nemi mutum ɗaya cikinsu, wanda ya fi haƙuri, ka ce masa, “Don Allah mu buga Lone Wolf ko mu buɗe ɗakin wasa ni da kai, in ka kashe ni ka gaya mini me na yi.” Mutane suna son a tambaye su abin da suka iya, ko wanda ya fi kowa tsiya a fada. In an kashe ka a ekif kada ka fita, tsaya ka kalli yadda wanda ya rage yake motsi, yaushe yake dasa bango, yaushe yake ja da baya. Ran da suka sake ɗaukar ka, ba kisa ake nema wajenka ba. Kasance kusa da su, tazarar da za ka kai ɗauki cikin daƙiƙa uku, amma kada ku cushe bayan bango ɗaya gurneti ya kwashe ku. Harbi wanda suke harbi. Maganarka a makirfo ta zama gajera mai amfani: “Biyu, bayan jan gida, hagunka, ɗaya ya ji rauni.” “Ga shi nan, ga shi nan!” ba ta taimaki kowa ba. In aboki ya faɗi, bango tukuna sannan tayarwa, in kuma ana kallon wurin da bindiga, a kawar da mai bindigar kafin nan. In kai ka faɗi, rarrafa zuwa mafaka, kada ka rarrafo da abokan gaba zuwa inda naka suke ɓoye. Baƙon da ya fara zagin iyaye a makirfo, rufe muryarsa ka ci gaba.

In an ci ka sau uku a jere ajiye wayar. Haushi yana sa mutum ya riƙa afkawa inda bai kamata ba, lokacin ma wayar ta yi zafi. Kai ɗalibi ne kuma, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi da tsari ta fi awa biyar na dare da za su bar ka kana gyangyaɗi a aji.

Saura kuɗin. Gaskiya ne a Free Fire wasu fentin bindiga suna ƙara ɗan ƙarfi ko saurin harbi, sukan kuma rage wani abu a madadinsa. Tsakanin gwanaye biyu wannan na iya raba gardama. Wanda ke tsaye a fili yana kallon ƙasa kuwa, da fenti ko babu, faɗuwa zai yi. Yawancin kayan ma ta juyin sa'a ake samun su, jika 15 na iya tafiya ba ka samu abin da ka nema ba. Fayil ɗin da aka ce maka, ko an kira shi config, ko regedit, ko panel, maguɗi ne, Garena tana rufe kont a kansa, wani lokaci har wayar ta hana ta shiga. Da yawansu ma ba sa yin komai a wasan, aikinsu kwashe kalmar sirrin Facebook da saƙonnin da ke wayarka, wayar da wataƙila da ita ake turo maka kuɗi. Haka shafukan “dayamon kyauta” da ake yaɗawa a guruf. Duk wanda ya ce ka ba shi kalmar sirri ko lambar da aka turo maka ta SMS don ya zuba maka dayamon, kont ɗin yake so. In har yanzu a matsayin baƙo kake shiga wasan, yau ɗin nan ka ɗaure kont ɗinka da Google ko Facebook, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, don kont ɗin baƙo yana iya tafiya tare da wayar in ta ɓace ko aka goge ta.

Cire jika biyu ka sayi ekutar, safar yatsa da sabon gilashi, sauran su ci gaba da taruwa. In bayan wata guda kayenka ya nuna har yanzu “hoto ya tsaya” ne ya fi yawa duk da gyaran da muka lissafa, to wayar ce, sai a fara maganar canji. Ranar kada mai shago ya ruɗe ka da yawan kamara. Tambayi sunan injin da ke cikinta ka bincika yadda yake ɗaukar wasan, ka nemi RAM 4 ta gaskiya ko 6. Wadda aka rubuta wa 4+4 a kwali RAM 4 ce, ƙarin huɗun daga ma'ajiya aka aro su kuma ba su da saurin ta ainihi. In ta hannu ce, sa layinka a ciki a gaban mai ita, buga Clash Squad biyu a jere, sannan ka taɓa bayanta ka ji zafin, ka duba nawa baturin ya sauka, ka kuma ja yatsa a kowace kusurwa ta fuskar ka tabbata babu inda ya mutu.